Kwamfutar da Baba Ya Auna da Hannu

Mahaifina ba ya yarda da kaya sai ya ɗaga ya ji nauyinsu. Tun da ruwan Tiga ya ci ƙauyensu suka dawo kusa da Bagauda, da kamun kifi da noman rani ya raine mu, kuma ko kifi ne ko buhun albasa, hannunsa ne sikelinsa.

Shekarar da na samu gurbin karatu a birni, aka ce kowane ɗalibi ya zo da kwamfuta. Muka hau mota ni da shi sai Kano. Mai shago ya ajiye mana guda biyu: ƙarama mai araha, ba ta fi littafin rubutu ba, da babba wadda kuɗinta ya kusa ninka na ƙaramar. Kuɗin albasar da Baba ya zo da su na ƙaramar ne kawai. In babbar ce, sai dai ya sayar da injin ban-ruwansa, wanda da shi muke ci duk rani.

Baba ya ɗaga ƙaramar, ya yatsina fuska.

"Wannan ai ba komai a cikinta. Da ita za ka yi shekara huɗu?"

"Baba, rubutu kawai zan yi. Ta ishe ni."

Mai shago ma, Allah ya saka masa, ya ce ta isa. Baba bai saurare shi ba. Ya ɗaga babbar da hannu biyu, ya jinjina ta, ya ce mu je gida ya yi shawara. Cike da haushi na bi shi muka koma gida.

Ana gobe zan tafi ya miƙo min babbar, a naɗe cikin sabon zane. Ban tambaye shi inda kuɗin suka fito ba. Na sani sarai, amma raina ya so ta, na yi shiru. Har yau ina jin kunyar shirun nan.

Da na zo hutu na same shi a fadama, yana ɗebo ruwa da garwa biyu daga bakin tafki. Rabin gonar ya iya shukawa, sauran ta bushe ƙamas. Na durƙusa na gaishe shi, jakar kwamfutar tana rataye a kafaɗata.

"Tana aiki dai?"

"Tana yi, Baba."

Ban gaya masa abokan karatuna masu ƙananan suna yin duk abin da nake yi ba. Ya goge hannunsa a riga, ya karɓi jakar, ya jinjina ta sau biyu, ya yi murmushi.

"Ka ji ko? Ba a cuce mu ba."

Na bar masa jakar, na ɗauki garewanin na nufi tafki, don kada ya ga idona.