Ruwan Cikin Kwalekwale da Irin Albasar Baba

Na sha yin istigfari a kan fushin da nake ji in na tuna ranar da aka sauke kwalekwalen nan a bakin tafkin garinmu, amma har yau bai bar ni ba. Wataƙila in na rubuta shi zai rage.

Garinmu ƙaramin ƙauye ne a fadama, tsakanin Goronyo da Wurno, kuma tafkin yana bayan gari. Manya sun ce kafin a gina dam, duk damina gulbi kan cika ya shigo tafkin, ya wanke shi tas, ya wuce. Ni ban riski wannan ba. Na tashi na tarar ruwan sama ne ke cika shi, sai ɗan abin da ke malalowa in an saki ruwa daga dam. Abin da ya shiga ciki, ya shiga ke nan, ba mai fitar da shi.

A gefen tafkin gonar Baba take, inda yake noman albasa da rani. Albasar Baba ba irin wadda ake sayen irinta a kasuwa ba ce. Ja ce, mai ƙarfin ɓawo, tana iya cinye damina guda a ajiye ba ta ruɓe ba. Daga mahaifinsa ya gaji irin. Kowace shekara yakan ware 'ya'yan da suka fi kyau, ya dasa su da shigowar sanyi, su yi tsiri su fitar da farin kai, ya yi ta ba su ruwa har farkon bazara kafin ƙwayar ta ƙosa. Har daga Gandi ake zuwa roƙonsa ɗan iri. Ba abin da Baba ke alfahari da shi kamar wannan, ko mu 'ya'yansa ban ce ba.

Lokacin da aka kawo kwalekwalen ina gidan mijina a Wurno da 'ya'ya uku. Na zo ganin gida ne saboda Yayana ya dawo hutu. Shi a babban jirgin ruwa na teku yake aiki, cikin masu kula da injuna, sai ya shekara ba mu sa shi a ido ba. Da hantsi Inna ta dama fura ta ce in kai wa Baba gona, Yaya ya ce zai raka ni ya miƙe ƙafa.

Muna isa muka tarar da mota ta ja da baya har bakin ruwa, mutane sun taru. Sarkin Ruwan garinmu, wanda sa'an Baba ne kuma abokinsa tun suna yara, ya sayo sabon kwalekwale daga Yauri. Masunta suna da al'ada: in za a yi wa kwalekwale doguwar tafiya a mota, sai a zuba masa ruwa a ciki daga inda aka ɗauko shi, a danƙara ɗanyar ciyawar ruwa a kai, don kada rana ta busar da katakon ya tsattsage. Wannan dabara ce mai kyau, ban taɓa cewa ba ita ba ce. Ciyawar da aka rufe shi da ita kuwa ban taɓa ganin irinta ba. Ganyenta kore shar, yana sheƙi kamar an shafa masa mai, kararta a kumbure, ga fure shunayya. Sai da na tsinki furen guda na saƙala a bakin mayafina. Allah ya yafe mini, kyau ta yi mini.

Yaya na ganinta fuskarsa ta canza. Ya tuɓe takalmi ya durƙusa ya gai da Sarkin Ruwa yadda ya kamata, sannan ya ce, "Baba Sarki, don Allah ina da roƙo. Ruwan ga da ciyawar ga, kada a juye su cikin tafki. A ja shi can bisa tudu a zubas, rana ta kashe su."

Sarkin Ruwa ya dube shi sama da ƙasa. "Mi kac ce, ɗana?"

Yaya ya shiga bayani a natse. Ya ce su a teku, in jirgi ya sauke kaya yakan yi rashin nauyi, sai a ɗura masa ruwan teku a wasu manyan tankuna da ke ƙasansa don kada igiyar ruwa ta kifar da shi. In ya isa wata ƙasa zai ɗauki kaya, dole a zubar da wannan ruwan. To ashe a cikinsa akwai ƙwan halittu da ƙwayoyin tsirrai da ido ba ya gani, in suka sami sabon wuri inda ba abin da ke cin su, sai su mamaye shi su kashe na gida. Shi ya sa ƙasashen duniya suka haɗu suka yi doka: ba jirgin da zai saki ruwan cikinsa sai ya tace shi ya kashe abin da ke ciki, a rubuta inda aka ɗebo shi da inda aka zubar. Masu bincike kan hau jirgi su ɗebi ruwan su gwada, in bai yi ba a tsare jirgin. Ya ce shi da hannunsa yake kwance matatar yana wankewa, aikin da ya fi ƙi a duniya, amma ya ga mashigin ruwan da ciyawar nan ta rufe har ƙaramin jirgi bai iya wucewa.

Wani daga cikin masuntan ya kwashe da dariya. "Jama'a ku ji mini! Kwalekwalen katako za a yi ma dokar Turawa. Injiniya, ina takardar da za mu sa ma hannu?"

"Ko a kira likita shi yi ma ruwan allura?" in ji wani. Aka sake shewa.

Sarkin Ruwa bai yi dariya ba. Ya ce, "Ɗana, ruwa na, ba dahi ba. Mu haka munka taras: ruwan da jirgi yaz zo da shi, cikin ruwa aka maishe shi, su gaisa, jirgi shi saba da wuri. Wanda yaz zubas da shi ga ƙasa ya zubas da sa'atai. Kai ka san teku, ni na san tafkin ga tun ba a haihi uwarka ba."

Yaya ya buɗe baki zai sake magana, sai muryar Baba ta fito daga bayanmu. Ashe ya baro gona ya zo kallo. "Kai! Ya isa. Boko bai koya maka a yi ma babba gardama gaban mutane ba? Tashi ka ba mutane wuri."

Shi ke nan. Yaya ya sunkuyar da kai ya ja gefe. Ni kuwa ina tsaye da ƙwaryar fura, na yi sakandare, an koya mini yadda tsiro ke yaɗuwa, na gane duk abin da ya faɗa, amma ko tari ban yi ba. Aka kama kwalekwalen aka karkata shi, ruwa mai launin ƙasa ya kwarara cikin tafkin, ciyawar ta bazu a kai tana lilo. Tsakanin inda suka juye shi da busasshiyar ƙasa bai fi taki goma ba. Na auna da ido a ranar, na kuma sake aunawa da ƙafata daga baya. Taki goma.

Bayan la'asar Yaya ya ɗauki manjagara da kwando ya koma shi kaɗai, ya shiga ruwa har ƙugu yana tsamo abin da hannunsa ya kai. Mata masu wanki suna ta yi masa kirari, wai ma'aikacin teku ya koma sharar tafki. Ya dawo jiƙe sharkaf, ya zauna a ƙofar ɗakin Inna. Na ce, "Yaya, ai ka kwashe ta." Ya girgiza kai. "Ƙanwata, wadda iska yak kora cikin ciyawar gemba fa? Guda ta isa." Kwana shida bayan nan hutunsa ya ƙare. Har ya tafi shi da Baba gaisuwa kawai ke haɗa su.

Shekarar farko a gefe-gefe ciyawar ta tsaya, yara mata na tsinkar furen suna wasan amare. Mutane suka sa mata suna baƙuwa. A shekara ta biyu na zo biki, na leƙa bayan gari, ban ga ruwa ba. Kore ne shimfiɗe daga wannan gaɓa zuwa waccan, kai ka ce gonar alayyafo. Ba wurin jefa taru. Kwalekwalen da aka yi duk abin dominsa yana maƙale a gefe, ciyawar ta kewaye shi. Shanu ba sa cin ta sosai, sauro kuwa ya sami gida. In an tara samari an kwashe wani yanki, kafin sati biyu ta haɗe.

Baba ya fi kowa shan wuya. Bakin mesar injinsa na ban ruwa kullum a toshe da saiwoyi, dattijo da furfurarsa yana shiga taɓo yana ƙwaƙulewa. Abin da ya fi muni, baƙuwa tana shan ruwa kamar ba gobe. Tafkin da kan kai mutane har bazara, sai ga shi tun sanyi bai gama fita ba ya koma caɓi. Kawunan irin Baba sun yi fari gwanin kyau, suna tsakiyar cika, ruwa ya yanke. Ya gwada jigila da jarka a bayan jaki daga rijiyar gari, ina! Da ya murza kawunan a tafin hannu, ƙaiƙayi ne kawai. Sauran albasar da ke ƙasa ita ma ba ta ƙosa ba aka tone ta dole, ta ruɓe a ajiya tun ruwan farko. Iri babu, uwar iri babu.

Na zo duba shi, na same shi ya rame, yana zaune a zaure ba ya ko son a ambaci gona. Ina tsakar gida sai na ji sallamar Sarkin Ruwa, ya zo jaje. Na fito gaishe shi, na durƙusa daga bakin ƙofa, na ji yana cewa, "Sai haƙuri, Malam. Ƙaddara ta. Abin da Allah ya aiko ba mai tare shi."

Wallahi ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na ce, "Baba Sarki, ƙaddara ta, ba mu musu. Amma Allah ya aiko muna da mai gargaɗi ran nan, ɗanku na kuma, har ƙasa yad durƙusa. Taki goma yar roƙa."

Inna ta cafko mayafina ta baya ta fizge ni ciki, tana cewa, "Ke! Kin haukace? Wa yak koya miki wanga?" Na yi kuka ranar, kuma na koma na ba Sarkin Ruwa haƙuri a kan ɗaga murya, don babba ne. Amma ban janye maganar ba. Na yi imani da ƙaddara, da ita nake rarrashin kaina kullum. Abin da ba na iya haɗiyewa shi ne a yi ganganci da ido biyu, a wulaƙanta wanda ya yi nasiha, sannan a jawo sunan Ubangiji a lulluɓe ɓarnar da shi. Manyan jiragen da suka fi garinmu tsawo ana tsare su a kan ruwan cikinsu, su bi doka ko suna so ko ba sa so. Mu namu bai fi tulu ashirin ba, kuma ba inji yake buƙata ba, tudu kawai da rana, wadda Allah ya ba mu kyauta har ta yi yawa.

Da na koma Wurno sai na tuna da abu guda. Duk shekara, kwandon farko da Baba ya tona daga fangalin da ya riga dasawa, ni yake aiko wa. Na wannan shekarar ya ƙosa tun kafin ruwa ya yanke. Na ruga madafa na zazzage kwandon. Saura tara. Na shimfiɗa yashi a ƙarƙashin gadona na jera su. Maigidana ya yi ta tsokanata, wai a gidan ɗiyar mai albasa ake sayen albasa a bakin titi. Na ce ya yi ta faɗa, wanda ya taɓa mini ko ɗaya zai ga abin da bai taɓa gani ba. Biyu suka ruɓe da damina. Bakwai suka kai sanyi.

Na dasa su a bayan ɗakina, na kewaye da ƙaya saboda awaki da kaji. Ruwan rijiya nake ba su safe da yamma, har alwala a kansu nake yi don kada ɗigo ya tafi banza. Suka yi tsiri, suka yi kai. Ran da na murza na farko na ga baƙaƙen ƙwayoyi a tafina, sujada na yi a nan cikin ƙasa.

Duka irin bai cika ƙaramin ludayi ba. Na ƙulle shi a gefen ɗankwali na kai wa Baba. Ya kwance, ya zuba a hannu, ya hura a hankali, ya daɗe yana kallo. Bai tambaye ni inda na samo ba, ya gane kayansa. Ya ce zai nemi aron ɗan wuri kusa da rijiyar ƙanensa, tunda gonar bakin tafki ta tashi daga aiki.

Har na miƙe zan shiga wajen Inna ya kira ni. "In kun yi waya da yayanki," ya ce, idonsa na kan irin, "ki ce mishi in ya zo ina son shi sake hwaɗa mini zancen ga na ruwan jirgi. Ran nan ban saurara da kyau ba."

Na isar da saƙon.

Irin ya tsira, yanzu fangali huɗu Baba ke yi a wurin aro, shi da ya saba da gona guda. Tafkin kuwa yana nan a rufe. Duk lokacin da na je gida nakan bi ta wata hanya don kada in ga furen.