Ranar da Aka Kulle Mini Zanen Rumbun Albasa

Akwai wani hantsi a Gumbin Kure da ba na jin zai fita daga raina har in koma ga Mahaliccina. Shekaru sun shuɗe, na yi aure, na haihu, amma duk ranar da abin ya faɗo mini sai in ji bakina ya yi ɗaci.

Yayana ne ya riƙe ni tun rasuwar mahaifinmu. Manomin albasa ne, bai yi boko ba, kuma da gumin fadamarsa na yi karatun zanen gine-gine a Aliero. Tun ina yaro na san baƙin cikin gidanmu. A cire albasa da rani lokacin da ba ta da daraja, a zuba a rudu, wato rumfar kara da ciyawa da muke ajiya a ciki, a jira farashi ya tashi. Kafin ya tashi zafi da danshi sun cinye mai yawa. Shi ya sa a shekarar ƙarshe na zaɓi in zana rumbun albasa mai shan iska: ƙafafun ƙarfe, benaye na katako, da kafofin da iska za ta shiga ta ƙasa ta fita ta sama. Watanni na yi ina aikin a wata manhajar zane da ake ba ɗalibai kyauta. A cikinta kana iya juya ginin ta ko'ina, ka leƙa cikinsa, ka fitar da awon kowane ƙarfe.

Da na gama makaranta na nuna wa Yaya. Ya daɗe yana kallon rumbun yana juyawa a fuskar kwamfuta, sannan ya ce, "Ƙanena, wanga abu in an gina shi, mun huta." Daga ranar bai zauna ba. Ya bi abokan nomansa gida-gida, har ƙauyen Sarandosa ya je, yana roƙonsu kada su karyar da albasarsu da zarar sun cire, su ɗan riƙe ta a rudu. Ya kuma shawo kan wani Alhaji, babban dillalin albasa a Aliero, wanda ya ce zai sayi ƙarfe da katako ya biya mai walda, in dai ya ga zanen da idonsa ya gamsu. Aikin bai wuce na 'yan makonni ba, za a gama kafin ruwa ya sauka.

Ranar da Alhaji ya zo, an shimfiɗa tabarmi a gindin darbejiyar ƙofar gidanmu. Dattawa sun zauna, mai walda ya zo da tef ɗin awonsa, Yaya ya sa rigarsa ta Juma'a ko da yake ranar Talata ce. Na buɗe kwamfuta na danna manhajar. Maimakon rumbu sai wani farin akwati ya fito da rubutun Turanci: damar ɗalibi ta ƙare, a biya kuɗin shekara ko na wata kafin a ci gaba. Na rufe na sake buɗewa. Na kashe kwamfutar na kunna. Akwatin nan dai.

Alhaji ya gyara zama ya ce, "Yaro, lafiya?"

Na ce, "Alhaji, an kulle ne. Sai an biya."

"Wa yak kulle?"

"Kamfanin da ya yi manhajar."

Wani tsoho a gefe ya ce, "To ba kai kaz zana shi ba?"

Na ce ni na zana.

"Da hannunka, cikin naka inji?"

Na ce ƙwarai, Baba.

Ya juya ga sauran ya ce, "Ni dai ban gane ba. Mutum ya yi aikinai, wani can wata ƙasa ya sa mai kwaɗo?"

Babu wanda ya yi dariya, kuma da sun yi da ya fi mini sauƙi. Na sauka daga tabarma na ɗauki tsinke na fara zana rumbun a ƙasa, ina bayanin yadda iska za ta bi. Mai walda ya tambaye ni kaurin ƙarfen ƙafa da tazarar benaye, na faɗi abin da nake tunawa, sai na yi shakka na canza. Na ga lokacin da Alhaji ya dubi direbansa. Mutumin kirki ne, bai ci mini fuska ba. Ya miƙe ya kaɗe rigarsa ya ce wa Yaya, "In ya buɗe ku same ni."

Ban iya duban Yaya ba. Shi ya dafa kafaɗata ya ce, "Tashi, ƙasa ta ɓata maka wando."

Washegari na hau kabu-kabu zuwa Maiyama, na shiga mota zuwa Jega, ina zaton matsalar sabis ce. A shagon wani abokina mai buga takardu na gane gaskiyar lamarin. Zanen ba ya cikin kwamfutata ma. Duk watannin nan a ma'ajiyar kamfanin ta intanet yake zaune, ni leƙe kawai nake yi. Abokina ya ce yana da kwafin sata na manhajar, amma me zai buɗe, tunda fayil ɗin yana hannunsu? Kuɗin kuma da dala ne, a lokacin da naira ke zubewa kullum. Na shekara ko a mafarki. Na wata Yaya ya sayar da buhunan albasa ya haɗa mini, sai katin banki ya ƙi biya, wai an dakatar da sayayyar waje. Na yi ta zarya tsakanin banki da shago, har aka haɗa ni da wani mai asusun dala a Birnin Kebbi, ya ɗora nasa ladan ya biya.

Ranar da rumbun ya sake bayyana yana juyawa, babu abin da ya canza a jikinsa, ban ji daɗin komai ba. Mun je Aliero muka tarar Alhaji ya zuba kuɗinsa a lodin albasa zuwa Kudu. Ya ce sai baɗi in Allah ya kai mu. A makon nan aka yi ruwan farko, ya zo da wuri kuma da ƙarfi.

Wanda bai taɓa jin warin ruɓaɓɓiyar albasa a rudu ba, ba zai gane ba. Yana shiga tufafi, yana shiga tuwo. Mata suka yi ta tsince mai kyau suna zubar da sauran a bayan gari. Mutanen da suka riƙe tasu saboda maganar Yaya ba su yi faɗa da shi ba. Gaisuwa ce kawai ta gajarce. A masallaci sai ya ga an ɗan matsa. Wani da suka tashi tare ya ce masa, "Da na bi hankalina da yanzu na yi wa ɗiyata kayan ɗaki."

Kafin kaka Yaya ya sayar da injin ban ruwansa, ya rage wa waɗanda suka fi shan asara zafi da kuɗin, ya tafi ci-rani Kudu. Na raka shi tashar Jega ina ta ba shi haƙuri. Ya ce, "Kai mi ka yi? Zanenka na da kyau. Mu ne ba mu san haya muke ba." Har yau yana can yana sayar da albasar wasu a kasuwa, sai da Sallah muke ganinsa. Fadamarsa wani ke nomawa. Rumbun kuma ba a taɓa gina shi ba.

Yanzu zanen gidaje nake yi a Jega, kuma har gobe ina biyan irin wannan kuɗin, don sana'ar ba ta yiwuwa sai da shi. Abin da na koya shi ne, kyauta daga wanda ke riƙe da makulli tana da ranar ƙarewa, kuma ba zai tambaye ka ko ranar ta dace da kai ba. Duk aikin da na gama sai na buga shi a takarda da awonsa, na miƙa wa mai shi a hannu. Ba na kuma barin kowa ya jingina abincin iyalinsa da mutuncinsa a kan abin da ni kaina aro aka ba ni.