Ranar Da Aka Buɗe Wa Babanmu Hanyar Kwadon

Babanmu bakanike ne, kuma duk unguwar Jekadafari an san mota ta taɓa masa kai. 'Yan'uwansa suna can a ruga da shanunsu, shi yana bayan gidanmu yana bugun ƙarfe. Laifin wani kaset ɗin bidiyo ne da ya samu tun ba a haife ni ba. A cikinsa ya ga wata motar tsere ta Turai, tsayinta bai wuce ƙugun mutum ba, injinta a baya, ana gudu da ita kwana da wuni, ba tsayawa sai shan mai da sauya direba.

Tarihin motar nan mun sha shi fiye da kunu. A tserenta na farko giya ta tsinke mata. A na biyu ta kama da wuta. Aka yi ta yi wa masu ita dariya, sai ga shi ta zo ta cinye, ta sake cinyewa, har sauran motoci suka saba da kallon bayanta. In ya iso nan sai ya hau share ido. Wallahi ko ranar da aka kai ni ɗakin miji ban ga idonsa ya kawo ruwa haka ba.

Sai ya ce shi ma sai ya ƙera tasa. Ya yanke rufin wata tsohuwar tasi, ya mayar da injin baya, ya shekara da shekaru yana walda. Innarmu ta mayar da ita wurin shanya.

Bai tashi gamawa ba sai a shekarun nan da bam ya tashi a tasha, gari ya cika da shingen sojoji, kowa ya sauko ya ɗaga hannu ya buɗe but ɗin motarsa. Ga shi yanar ido ta fara rufe masa gani, likita ya ce tuƙi ya kusa ƙare masa. Burinsa ɗaya ne, ya taka ta sau ɗaya zuwa garin Kwadon tun yana ganin titi.

Wata safiya na zo gaishe su, na tarar ya fito da ita bakin babban titi. Ya sa hular kwano da wata rigar sanyi mai kauri. Ya ce a tseren asali direba ba ya fara zama a mota. Tsallaken titi yake tsayawa, in an sauke tuta ya rugo ya faɗa ciki. Mayafina ne zai zama tutar.

Na ce, "Haba Baba! A wannan zamanin za ka yi gudu a titi da hular kwano?"

Ya ce, "Ke dai sauke. Wanda bai rugo ba bai yi tsere ba."

Na sauke. Tsoho ya kwaso da gudu, riga na kumbura, ya nufi wata aba mai wayoyi a baya da ba wanda ya taɓa ganin irinta. Mai ƙosai ta kifar da kasko. Wani ya kwarma ihu, "Bam ne!" Kafin ka ce me, titi ya watse, takalma ne kawai a ƙasa. Baba bai ko taɓa ƙofar motar ba sojojin shinge suka iso, suka kwantar da shi a kwalta, bindiga a ƙeya.

Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba. Ina ta cewa babana ne, bakanike ne, ku yi wa Allah. Babbansu ya leƙa bayan motar daga nesa, ya daka tsawa, "Me inji yake yi a but?"

Baba ya ɗago kai daga kwalta ya ce, "Ranka ya daɗe, ai ita ma ta asalin, a tserenta na farko..."

Da hannuna zai kai, ni zan fara shaƙe shi.

A cikinsu ba mai son matsawa kusa da ita. Sai babban ya ce tunda Baba ne ya haɗa abarsa, ya shiga ya fitar da ita bayan gari, suna biye. In ya tsaya kusa da mutane za su buɗe wuta. Ya ce wace hanya ce ta fi kusa da daji.

Baba ya ce, "Kwadon."

Aka buga oba-oba ana sanar da na gaba su janye shinge, kada kowa ya tsayar da ita. Ni kuma aka jefa ni bayan motarsu, wai jingina. Titin da muka saba sauka muna ɗaga hannu, ranar babu ko akuya a kansa. Motar Baba ta yi wani ruri, ta miƙe, tana ƙanƙancewa a gabanmu. Direban sojoji ya taka iya takawa, ina! Ban san lokacin da na miƙe ina ihu ba, "Taka, Baba! Taka!" Sojan da ke gefena ya kalle ni, na zauna.

A wata gona bayan Kwadon muka tarar da shi ya fito yana jiranmu. Nan suka sa ya kwance ta da hannunsa, ƙusa bayan ƙusa, suka farke kujera, suka tsinke wayoyi. Ba su samu komai ba sai wani tsohon ɗankwalin Inna. Motar ba ta sake haɗuwa ba. Da sitiyari kaɗai ya dawo gida.

Kafin damina ta zagayo idon ya rufe. Har ya rasu, in baƙo ya zo sai ya lalubo inda muryata take.

"Ke kina baya, kin gani. Faɗa masa, sun kamo ni?"

"Ba su kamo ka ba, Baba."