Yaya a Kan Wayar Gidan Motsa Jiki

Yayana mai in'ina ne tun yana ƙarami. Idan kalma ta maƙale masa, sai ya runtse ido, ya riƙa buga cinya da tafin hannu har ta fito. A gida, waya na ƙara zai miƙo mini ita kamar za ta ƙone shi. Shi ya sa ya zaɓi aikin hannu. A wani gidan motsa jiki yake gyaran injinan gudu da kekuna, yana ɗaure noti, yana shafa mai. Ni kuma ina horar da mata a ɗakin sama.

Wata safiya naƙuda ta kama mai karɓar baƙi, aka wuce da ita asibiti. Manaja ta rasa wanda za ta ajiye a teburin karɓar baƙi, sai ta kira Yaya, ta nuna masa takardar da aka manna kusa da waya. An rubuta duk abin da za a faɗa wa mai son yin rajista: a gaishe shi, a tambayi sunansa da abin da yake so jikinsa ya samu, sannan a gayyace shi ya zo ya ga wuri.

"Karantawa kawai za ka yi," in ji ta.

Na sauko ɗaukar tawul, sai na ji wata murya mai kauri, a natse: "Barka da safiya, nan gidan motsa jiki ne. Da wa nake magana?" Na leƙa in ga baƙon da aka ɗauka. Yaya ne. Ko harafi ɗaya bai maƙale ba. Na tsaya a kan matakala ina saurare. Ashe idan kalmomi na gabansa a rubuce, harshensa sakewa yake. Shi kansa bai sani ba, domin a makaranta malamai tsallake shi suke yi wajen karatu, wai tausayi.

Ana nan, wata rana ina kusa, ya buɗe lasifikar wayar saboda hannunsa duk mai ne. Wani dattijo ne, numfashinsa na fita da ƙyar. Yaya ya fara karatunsa, mutumin ya katse shi.

"Ɗana, ajiye wannan. Likita ne ya matsa mini. Ni mai ƙiba ne sosai, takalmi ma sai an ɗaura mini. Gaya mini tsakani da Allah, in na zo yaran nan za su yi mini dariya?"

Yaya ya duba takarda sama da ƙasa, babu amsar. Na matso zan karɓa, ya tare ni da gwiwar hannu. Ya runtse ido.

"Ba-ba-baba, wa-wasu za su kalle ka. Ni ma a-ana kallona. Ka zo da sa-safe, ni zan ta-tare ka a ƙofa."

Dattijon ya ce, "Kai ne ka gaishe ni yanzu?"

"Ni-ni ne."

"Ikon Allah. To, ina zuwa."

Ya kuwa zo. Yaya ya riga ya sauya wa wani keke sirdi mai faɗi, ya ja shi kusa da taga. Dattijon ya hau yana haki, Yaya na tsaye a gefensa.

Da mai jego ta dawo aiki, Manaja ta bar wa Yaya wayar safe. Labari ya kai wa Innarmu, ta ce sai ta ji da kunnenta. Ta sa na buga mata lambar, ta maƙe murya wai mai son rajista ce. Yaya ya gane ta, amma ya bi takardar tiryan-tiryan, har ya kai ga, "Me kike so jikinki ya samu?"

"Sababbin gwiwoyi," in ji Inna, tana share hawaye da bakin mayafi.