Yadda Malam Halvor Ya Jawo wa Kansa Kaye da Tarakta

Halvor Brekke ya shekara talatin yana koyar da ilmin tsirrai a ƙaramar kwalejin Vestheim, can cikin gonakin masarar Dakota ta Kudu a Amurka, amma babu mai tuna shi da ganye ko saiwa. Duk garin Koci ake ce masa. In ya ji, sai ya sosa ƙeya ya ce, "Ku dai faɗi alheri."

A kakar 1943 Yaƙin Duniya na Biyu ya kwashe samari. Kocin ƙwallon zari-ruga irin na Amurka ma ya shiga sojan ruwa. Shugaban kwaleji, Dokta Aasland, ya kira Halvor ofis.

"Halvor, ka taɓa buga ƙwallo?"

"Ranka ya daɗe, kallo dai na taɓa yi sau biyu. Na biyun ma ciyawar gefen fili nake dubawa."

"Madalla. Ka fi malamin waƙa da kallo biyu. Daga yau kai ne koci."

'Yan wasa goma sha biyar ya gada, duk waɗanda soja ya duba ya ce a kai kasuwa. Wani asma, wani ƙafa a shimfiɗe kamar faifai. Kyaftin ɗinsu Arne Lokken, ƙaton ɗan manomi, kunnensa na hagu ba ya ji. Shi kansa Halvor tabaransa kamar gindin kwalba. Ya ari littafin dokokin ƙungiyar kwalejojin yankin, ya karanta har shafi na arba'in, ya ga sauran kamar na alƙalan wasa ne, ya rufe.

A wasan farko ya tura mutum goma sha biyu fili maimakon sha ɗaya. Alƙali ya hura usur ya zo yana faɗa. Halvor ya ce, "Yi haƙuri, ɗan'uwa. Ai ka ga ko da sha biyun ba mu hana su komai ba."

Da ya koma gida matarsa Solveig na feren dankali. Ta ce, "Yau nawa suka ci?"

"Arba'in da bakwai."

"Ku fa?"

"Mu mun dawo lafiya."

Haka aka yi wasa biyar, ba su ci ko maki ɗaya ba. Kullum da yamma yana zana dabaru a allo, kibiyoyi ta ko'ina kamar jijiyar ganye. Yaran su gyaɗa kai don ladabi, ran Asabar kuma a tattake su.

Wasan ƙarshe a gida ne, cikin Nuwamba, da kwalejin Oderby. Kwana uku ana ruwa. Duk da haka mutanen gari suka fito, mata da tulunan kofi, 'yan badujala sun jiƙe jagab. Ƙarfe biyu za a fara. Ɗaya da rabi wata matar manomi ta bugo waya, ta ce bas ɗin 'yan Oderby ta kafe a taɓo kusa da gadar rafi, mil huɗu daga gari.

Halvor ya dubi jama'a, ya ga abin kunya ne a tara mutane cikin ruwa babu wasa. Ya ja hannun Arne. "Taho, mu ɗauko taraktar babanka."

"Malam, amma fa..."

"Ajiye amma sai mun dawo."

Suka hau da sarƙa a kafaɗa, injin na ƙara kamar zai tarwatse. A hanya Arne ya yi ta ɗaga murya yana nuna agogo. Halvor ya ɗauka sauri yake nufi, ya ce, "Na sani! Taka ta!"

Suka jawo bas ɗin, taɓo har gira. Kocin Oderby ya sauko ya kama hannun Halvor da hannu biyu, idonsa ya cicciko. "Malam, ban taɓa ganin mutum irinka ba." Halvor ya ce a ransa, lallai mutanen Oderby ba su saba ganin tarakta ba.

Biyu da minti ashirin da biyar suka shigo fili. Baƙin suka sauya kaya, suka yi wa masu ceton nasu dukan kawo wuƙa, baƙi maki ashirin da shida, masu gida shida. Shidan nan Arne ne ya ci: santsi ya kwashe shi da ƙwallo a ƙirji, ya zame da ciki har ya haye layin da ke ba da maki shida. Aka buga ƙararrawar coci.

Bayan wasa alƙali ya dafa kafaɗar Halvor. "Na sara maka. Da wani ne, zama zai yi ya sha kofinsa. Minti biyar ya rage in ba ku nasara a hannu."

"Wace nasara?"

Alƙali ya yi dariya, ya ɗauka wasa ne. Ashe a shafi na hamsin da biyu an rubuta cewa duk ƙungiyar da ta makara rabin sa'a ta sha kaye. Halvor ya juya ya dubi Arne.

Arne ya ce, "Malam, sau uku na faɗa maka. Ni ne kurma, amma kai ne ba ka ji ba."

Ranar Lahadi fasto ya yi wa'azi a kansa. Jaridar gari ta sa hotonsa, taɓo da komai, ta ce ga mutumin da ya fifita mutunci a kan nasara. Halvor ya ajiye jaridar gefe. Ya ce wa Solveig, "Rashin sani ne fa, kaza ta kwana kan dami. Da na san dokar nan, wallahi ban san abin da zan yi ba."

Ta ce, "To ka yi shiru ka ci yabonka. Shekara nawa kana koyarwa, wa ya taɓa sa ka a jarida?"

Bai iya shirun ba. Ya je ya faɗa wa Dokta Aasland gaskiya. Shugaba ya girgiza kai ya ce, "Ga tawali'u kuma!" Ya faɗa wa mai aski, mai aski ya baza wa gari cewa Koci ba ya son yabo. Da ya ga kowane ikirari ƙara masa daraja yake yi, sai ya haƙura, ya mai da abin labarin ba'a, yana ba ɗalibai suna ƙyalƙyatawa, su fita ba wanda ya gaskata.

Shekarar da ta biyo kwaleji ta dakatar da ƙwallo sai bayan yaƙi, Halvor bai sake riƙe usur ba. Ranar da ya yi ritaya tsofaffin 'yan wasansa suka ba shi kofin azurfa. Ya juya shi a hannu ya ce, "Wasa shida, kaye shida, kofi ɗaya. Da na sani da na daɗe ina faɗuwa." Solveig ta ajiye kofin kusa da keken ɗinkinta, tana zuba maɓallai a ciki. Halvor ya rasu a 1972, yana da shekara saba'in da shida.