Lemar Ɗan Takara

Shekarar da soja suka koma bariki ina tuyar waina a bakin hanya kusa da Ƙofar Durbi, ciniki kuwa ya ja baya. Sai wani ɗan takarar kansila ya kawo mani ƙatuwar lema mai launin jam'iyyarsu. Ya ce, "Hajiya, kafa wannan, duk magoya bayana nan za su riƙa karin kumallo." Ban taɓa zuwa Makka ba, amma Hajiyar nan ta shiga kaina, na kafa.

Mako biyu ƙullu na ƙarewa tun kafin hantsi. Ban lura ba ashe kwanonin gidajen unguwa sun daina zuwa. Gidan wani malami da suka shekara tara suna sayen wainata, kullum ina ƙara masu biyu gyara, sun koma wajen wata, don su 'yan ɗaya jam'iyyar ne. Matar gidan ta aiko mani cewa ba su cin wainar siyasa. Waina fa! Shinkafa da mai, ina ruwansu da ƙuri'a?

Ɗan takarar ya ci zaɓe, magoya bayan suka watse. Bayan wata uku ya dawo tare da ma'aikatan ƙaramar hukuma, wai masu tuya mun tare hanya, a tashe mu. Na tsaya gabanshi. Ya dube ni kamar bai taɓa ganina ba, ya ce, "Baiwar Allah, matsa."

Lemar tashi suka fara jefawa cikin mota.