Duron da na buga ina takaba

Taimakon mijina na yi ran nan, ko nauyi na ƙara masa a kabari? Na tambayi kaina har na gaji, ban samu amsa ba. Jikata ce take rubuta wannan, ni ban yi karatu ba. Na ce mata ta sa yadda na faɗa, in kuka ya zo mini ta jira ni.

Mijina mai walda ne a nan Potiskum, shagonsa yana jingine da bayan katangar gidanmu a Dogo Nini. Amma in ka tambayi tsofaffin unguwa, ba walda za su fara ambata ba, cewa za su yi mahaukacin nan mai jita. Yana saurayi ya je Jos koyon sana'a, can ya ji wani kiɗan yaran Turawa a faifai, wanda ba lallashi a cikinsa, sai ihu da sauri kamar an biyo mutum. Pank rok yake ce masa. Ya dawo da jita da wata baƙar rigar fata da ya kakkafa wa kawunan ƙusa, yana sa ta cikin zafin garin nan.

Da aka kawo ni daga Mamudo, mawaƙan da na sani masu abu suke yabo. Shi bai taɓa yabon kowa ba. Waƙarsa a kan ramukan hanya ce da suke cin mutane, da famfon da ba ya kawo ruwa, da masu manyan riguna da ba a ganinsu sai lokacin zaɓe. Rabi da Hausa, rabi da yaren Ngizim, duk da ihu har jijiyar wuyansa ta miƙe. Ran Asabar in an tashi aiki, sai ya jona jitar da lasifikar da ya haɗa da hannunsa, abokinsa kuma ya kama dukan tsohon duro da sanduna. Na sha ce masa kajina sun daina ƙwai saboda shi. Sai ya yi dariya ya ce ai kajin 'yar Mamudo ba su san daɗi ba, irin uwar ɗakinsu. Haka yake kirana, 'yar Mamudo, har muka yi furfura.

Ciwon maƙogwaro ne ya kama shi a ƙarshe. Muryar ta dinga raguwa har ta koma raɗa, sai na kai kunne bakinsa nake ji. Jitar ta koma saman kwaba. Da damina ya rasu.

Ina cikin takaba wasu samari suka zo gaisuwa. Ashe wani tsohon kaset ɗinsa ya faɗa hannunsu, sun juye shi a waya, har sun koyi waƙoƙin. Suka durƙusa a zaure, ni ina bayan labule. Babbansu ya ce suna roƙon a bar su su yi waƙoƙin Baba a shagonsa, sau ɗaya, don a tuna da shi.

Ƙanen mijina, Alhaji, shi ne babba a gidan yanzu, ya ce sam. Mamaci addu'a yake bukata, ba kiɗa ba. Ya ce wa ya sani ko Allah ya ɗauke masa murya ne don ya samu ya yi shiru kafin ya tafi, duk wanda ya ta da waƙoƙin nan kuwa, mamacin zai ja wa tambaya a kabari. Ba mugu ba ne Alhaji, tsoron wutar yake ji wa ɗan'uwansa. Ni ma na ji tsoron. Samarin suka yi ta zarya, daga baya ya yarda da sharaɗi: ba lasifika, ba ihu, a yi a hankali bayan la'asar, a tashi kafin magariba.

Ranar na shimfiɗa tabarma a gindin katanga, kusa da duron ruwanmu da ya ƙare. Ina jin mutane suna taruwa a ɗaya gefen. Suka fara da waƙar ramukan hanya. Yaron da yake rerawa yana da murya mai zaƙi, yana jan ta sannu sannu kamar mai lallashin jariri. Na ji wata mata a can tana cewa ashe waƙoƙin marigayi suna da daɗi haka.

Nan kuka ya ƙwace mini. Ba shi ba ne. Kalmominsa ne, amma an wanke su an yi musu ladabi, an mai da shi mutumin da bai taɓa zama ba. Ji na yi kamar ana sake binne shi ina zaune.

Ban yi shawara da kowa ba. Na ɗauki taɓarya na maka wa duron nan, na sake maka masa, da saurin da na yi shekara da shekaru ina ji ta bayan katangar ina tsaki. Ashe hannuna ya riƙe shi. Can gefen aka yi tsit. Sai na ji ƙarar lasifika tana tashi, irin kukan da take yi in an jona ta, sai mai gangarsu ya bi ni, yaron nan kuma ya saki muryarsa har ta fashe. Kaji suka watse. Ina duka ina kuka, har kafaɗata ta ƙi ɗaguwa.

Alhaji ya shigo ko sallama bai gama ba. Ya tsaya yana kallona da taɓarya a hannu.

"Yaya, takaba fa kike yi."

"Na sani, Alhaji. Ai ban fita ba."

Sai ya juya ya fita. Har yau bai daina aiko mini da hatsi ba, amma daga zaure yake gaishe ni ya wuce. Duk Juma'a ina soya ƙosai a kai masallaci sadaka, ina roƙon in akwai laifi a abin da aka yi, a rubuta shi a kaina, ni na fara dukan.

Abin da ban gaya wa Alhaji ba shi ne safiyar da mijina zai rasu. Na ga jikinsa ya yi nauyi, sai na aika wa yaran shagonsa na ce kada wanda ya taɓa guduma, na kore kajin, na rufe taga, gidan ya yi tsit don ya samu hutawa. Ya buɗe ido ya yafito ni da yatsa. Na kai kunnena bakinsa.

"'Yar Mamudo, wa ya hana su aiki? Ki ce su buga ƙarfensu. Shirun nan ya yi mini yawa."